Yatsu Biyar a Ajin Lissafi

Yaron Bahaushe yakan iya ƙin abu tun bakinsa bai iya furta "a'a" ba. Miƙa masa kunun da ba ya so, sai ka ga ya maƙe kafaɗa, ya kwantar da kunne a kanta, ya turo baki. Babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Yana goye ya gani, wurin yayyensa ya kwasa, haka kuma zai kwashi sauran Hausar daga baya. Kafin ya isa shiga makaranta ya riga ya san kallon da ke nufin "zo nan", ya san wanda ke nufin "bari baƙin su tafi, za mu gamu". In aka ajiye masa abinci a gidan mutane, idon uwarsa yake fara nema kafin ya dubi kwanon. Ƙiftawa ɗaya ta ishe shi ya ce ya ƙoshi, ko da cikinsa na ƙugi.

Hausa ba ta bar waɗannan abubuwa babu suna ba. Akwai harara, akwai kallon banza, akwai kallon hadarin kaji, kuma duk mai jin Hausa ya san kowanne da nauyinsa. Akwai tsaki, da gatsine, da murguɗa baki, da gwalo, da zunɗe. Tagumi daban, riƙe haɓa daban: wancan damuwa, wannan mamaki. Kai kaɗai ma ana gyaɗa shi, ana girgiza shi, ana jinjina shi, ana sunkuyar da shi, ana kau da shi. Da yawa daga cikin kalmomin nan suna cikin babban ƙamusun da Bargery ya fitar a 1934, suna kuma cikin na Jami'ar Bayero na 2006. Sai dai ƙamus suna yake ba ka da ma'ana a taƙaice. Ba ya gaya maka wa ke da ikon yi wa wa, a gaban wa, a wane lokaci, alhali rabin ma'anar a nan take. Ɗauki daƙuwa: a ware yatsu biyar, a tura tafin hannu saitin fuskar mutum. In kaka ta yi wa jikanta, wasa ne, har ya rama da tsokana. In uwa ta yi wa ɗanta, faɗa ne da zai wuce kafin la'asar. In tsara ya yi wa tsara a bakin kasuwa, an taɓa uwa, sai an raba dambe. Ƙarami kuwa ya yi wa babba, wannan ba a ma kawo shi a rai. Hannun dai guda ne, yatsun ba su ƙaru ba.

Gida ke ba da wannan ilimi, unguwa ta ƙara, makarantar allo ta daɗa kafa shi. A gaban alaramma a ƙasa ake zama, an tuɓe takalmi, kai na kan allo, in za a karɓi abu a sa hannu biyu. Makarantar boko, wadda ta soma kafuwa a Kano a 1909 da makarantar Hans Vischer, Ɗan Hausa, a Nasarawa, sannu a hankali ta shimfiɗa nata ladabin, kuma kusan kowace ƙa'ida a cikinsa kishiyar ta gida ce. A gida in babba ya shigo sai ka rage tsawo, ka durƙusa ko ka tsuguna, domin tsayawa a kan babba rashin tarbiyya ne. A aji in malami ya shigo sai kowa ya miƙe. A gida takalmi a bakin ƙofa ake barinsa; a makaranta rashin sa shi na iya jawo bulala. A gida ba ka tare babba da tambaya. A aji ana so ka ɗaga hannu ka tambaya. Yaro ɗan shekara shida yana fita daga wannan tsari da hantsi, ya shiga wancan, ya dawo da azahar, kuma babu darasi ko ɗaya a jadawali da aka ware don a ce masa: ga yadda jiki ke magana a can, ga yadda yake yi a nan.

Bayan da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, makarantu suka cika suka batse, malamai suka yi ƙaranci. Gwamnatocin jihohin Arewa suka yi ta ɗauko su daga waje, daga Indiya da Pakistan da Filifin da Masar, ga kuma 'yan Ghana da suka zo da ƙafarsu. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi sakandare a shekarun nan, a hannun Ba'indiye suka koyi lissafi ko kimiyya. Namu malamin lissafin daga kudancin Indiya ya fito, siririn mutum mai farar riga, garin alli har a girarsa, ba ya duka, ba ya tsawa. Motsin kansa ne ya fara ruɗa mu. In ka ba da amsa sai ya riƙa karkaɗa kai hagu da dama a hankali, mu kuwa a wurinmu wannan girgiza ce, wato ka faɗi. Sai ka ga yaro ya janye amsar da ke daidai ya kawo wata, malamin ya tsaya yana mamaki. An jima kafin wani ya lura cewa duk sa'ad da ya yi haka, maki yake bayarwa.

Wata rana ya kira wani yaro gaban allo. Ɗan ƙauye ne, mai shiru, cikin masu zama a bencin baya don gudun idon mutane, amma yana da kai. Ya yi aikin tiryan-tiryan har ya zo layin ƙarshe, sai ya kafe. Ya ɗora allin a allo, ya ɗauke, ya sake ɗorawa. Amsar biyar ce. Malamin ya ga saura ƙiris, ya so ya haska masa ba tare da ya furta ba, don yaron ya zama shi ya rubuta da hannunsa. Sai ya matso kusa, ya ɗaga hannun dama, ya ware yatsunsa biyar, ya tura tafin saitin fuskar yaron. Da ya ga bai motsa ba, ya sake turawa, yana murmushi.

Ajin ya yi tsit, har ana jiyo muryar malamin ajin da ke maƙwabtaka da mu. Can dariya ta kufce wa wani, sai ajin ya ɗauka gaba ɗaya, masu buga tebur na yi, masu kifa kai na yi. Yaron bai yi dariya ba. Ya sauke hannunsa, ya sunkuyar da kai, ya kafa wa ƙafafunsa ido. Malamin ya waiwayo yana neman abin dariyar a fuskokinmu, ya duba rigarsa, ya duba allon, bai ga komai ba. Ya koma kan yaron, ya ce masa da Turanci ya ɗago ya kalle shi. Yaron ya ƙara sunkuyawa. Ya sake faɗa, muryarsa ta fara tashi, abin da ba mu saba ji daga gare shi ba. Yaron ya ce, "Sa," can ƙasa-ƙasa, bai ɗago ba. Daga inda nake zaune ina ganin allin yana marmashewa a tsakanin yatsunsa, garin na zuba kan takalminsa na roba. A ƙarshe malamin ya ce ya koma ya zauna, ya kira wani.

Malamin Hausa ne ya warware masa zancen a ɗakin malamai. Washegari da Ba'indiyen ya shigo aji bai ko dubi allo ba. Ya wuce har bencin baya, ya tsaya a gaban yaron, ya haɗa tafukan hannunsa biyu a ƙirji, ya ɗan rusuna. Bai iya Hausa ba, Turancinsa ma ranar ya ƙi fita sosai. Amma wannan kam ba mu nemi tafinta ba, don mu ma haka muke yi in muna roƙon a yi haƙuri. Kunyar sai ta dawo wa yaron ta wata ƙofa, tunda ga babba ya rusuna masa a bainar jama'a. Ya zame daga benci ya tsuguna. Daga ranar har malamin ya bar makarantar, in zai nuna biyar sai ya juyo mana bayan hannunsa, ko ya rubuta a allo.

Me ya sa abin ya yi zafi haka, alhali kullum baƙo yana kuskure a Hausa muna yafe masa? In Bature ya ja wasali inda bai kamata ba, ko ya ce "kasa" yana nufin "ƙasa", murmushi ake yi a gyara masa, domin tun daga sallama kunne ya riga ya ji baƙunta a harshensa, ya tanadar masa uzuri. Hannu ba ya ɗauke da wannan shaida. Yatsun Ba'indiye in sun ware, daidai suke da na ɗan kasuwar Kurmi. Babu wata gargada a cikinsu da za ta ce maka baƙo ne, bai sani ba. Saƙon ya iso cikakke, da tsantsar Hausa, daga mutumin da ko "ina kwana" bai iya ba. Ga shi kuma mun tashi da yarda cewa baki na iya ƙarya amma jiki ba ya yi. Labarin zuciya, in ji mu, a tambayi fuska.

Karin maganar na da gaskiya, amma gaskiyar na da iyaka. A 1872 Charles Darwin ya fitar da littafi sukutum a kan yadda mutum da dabba ke bayyana abin da ke ransu. Ya aika da tambayoyi ga 'yan mishan da sauran Turawan da ke zaune a sassan duniya, ya kammala da cewa manyan alamomin fuska gado ne na 'yan Adam duka. Kusan shekara ɗari bayan haka Paul Ekman ya je tsaunukan Papua New Guinea, wurin mutanen Fore, ya ga suna gane fushi da farin ciki da baƙin ciki da ƙyama a hotunan fuskokin baƙi. Har yau masana na jayayya kan nisan da wannan sakamako ya kai. To amma Ekman ɗin da kansa, shi da abokin aikinsa Wallace Friesen, a 1969 sun ware wani rukuni daban: alamomin da ke tsayawa a madadin kalma, waɗanda jama'a ce ta ƙulla su, kuma sai an koya ake sani. Murmushin malaminmu na rukunin farko ne, yatsunsa na na biyu. Mun ga duka biyun a lokaci guda, sai muka bar yatsun suka fassara mana murmushin, har murmushin taimako ya koma na izgili.

Alamomin rukuni na biyu kuwa ba su da gida ɗaya. Girkawa suna da daƙuwa irin tamu sak, zagi ce mai nauyi, shi ya sa Bagirke in zai nuna biyar yakan juya tafin hannun wajen kansa. Da a Atina malaminmu ya sauka, da abin da ya same shi a ajinmu ya same shi a can. A Bulgeriya gyaɗa kai sama da ƙasa na nufin a'a, karkaɗa shi gefe da gefe na nufin i. Mu a nan in aka dunƙule hannu aka ɗaga sama, jinjina ce, gaisuwar mubaya'a ga sarki ranar hawan sallah. A gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko, 'yan tseren Amurka biyu baƙaƙen fata, Tommie Smith da John Carlos, suka ɗaga dunƙulallen hannu a kan dandamalin karɓar lamba don nuna adawa da wariyar launin fata, aka sallame su daga tawagar ƙasarsu. Hannun da ke cewa "muna biye" a ƙofar fada, shi ne ya ce "ba mu yarda ba" a can.

Labarin tsaki ya fi duka taɓa ni. A 1976 John Rickford da Angela Rickford suka buga wani nazari a kan harara da tsaki a Guyana da tsibiran Karibiyan da kuma tsakanin baƙaƙen Amurka. Suka ga baƙaƙen sun san su sarai, fararen da aka tambaya kuwa mafi yawansu ba su san abin da ake nufi ba, suka kuma bi sawun abin har zuwa Afirka. Mutanen da aka kwasa cikin jiragen bauta an raba su da sunayensu da harsunansu, amma tsaki ya haye teku tare da su, jikokin jikokinsu na yi har yau. A 2015 jaridun Faransa suka ba da labarin wasu makarantu da suka haramta tsaki a aji, saboda 'ya'yan 'yan Afirka da na Karibiyan sun shigo da shi har sauran yara sun ɗauka. Abin da jiki ya koya ya fi abin da harshe ya koya daɗewa. Wanda duk ya san haka ba zai sa ran tsawa ɗaya ta ɗago kan yaron da aka shekara goma sha uku ana koya masa sunkuyawa ba.

Addininmu ma bai ɗauki ishara da wasa ba. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Zakariyya, wanda aka sanya masa alama cewa zai kwana uku ba ya yi wa mutane magana sai da nuni, da na Nana Maryamu da ta amsa tuhumar mutanenta da nuna jaririn. Ya kuma yi kashedi mai tsanani ga masu zunɗe da ƙifce da yi da mutane, har sura guda da wannan kashedin ta buɗe. Malaman fiƙihu sun zartar da cinikin bebe da aurensa da sakinsa, muddin isharar tasa ana gane ta. Wannan sharaɗi shi ne ya fi jan hankalina: a gane ta. Wato nuni ba ya zama magana sai akwai waɗanda suka riga suka san abin da yake nufi. Malaminmu niyyarsa fara ce tas, kuma niyya Allah ke duba. Amma yaron da ke tsaye a gaban allo ba shi da hanyar ganin niyya. Abin da ya gani shi ne an zagi uwarsa a gaban tsaransa, kuma zafin da ya ji ba na ƙarya ba ne. Ban yarda da mai cewa tunda bai yi nufi ba to babu abin da ya faru ba. Ban kuma yarda da mai cewa tunda an ji zafi to laifi ya tabbata ba. Abin ya faru, kuma babu mai laifi. Ma'ana ba ta mai yi ba ce shi kaɗai, mai karɓa ma yana da kaso a ciki, jama'ar da ke kallo ma suna da nasu. Malamin ya gane haka, shi ya sa bai tsaya yana kare kansa da "ai a ƙasarmu ba haka ba ne" ba. Ina ganin girmansa a kan wannan har gobe.

Kuskure biyu aka yi a ajin nan, ɗaya kaɗai aka gyara. Na yatsu ya ƙare cikin kwana guda, domin ya yi ƙara, aji ya yi dariya, dole a bi ba'asi. Na biyun, wato ɗaukar sunkuyar da kai a matsayin taurin kai, babu wanda ya yi dariya a kansa, don haka babu wanda ya bi ba'asinsa, kuma shi ne ake ta maimaitawa har yau a azuzuwanmu. Yaron nan da ya ƙi ɗagowa, iyakar girmamawar da ya sani ita yake bayarwa, ga mutumin da a zatonsa ya gama zaginsa. A lakcar da Anthony Kirk-Greene ya yi kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, wadda aka buga a 1974, kunya da ladabi suna cikin halaye goman da ya jera, tare da gaskiya da amana da haƙuri. Kuma a idon yaro ake fara neman su. Yaron da ke kafe babba da ido sai mu ce yana da tsaurin ido, ba kuwa yabo ba ne. Muna cewa: ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. To sai ga tsarin da ke auna gaskiyar mutum da iya haɗa ido. Abin da ya fi damuna shi ne, yau mai cewa "kalle ni in ina yi maka magana" ba daga Indiya ya zo ba. Malam ne ɗan unguwa, wanda in ya koma gida da yamma ɗansa ya tsura masa ido haka, sai ya ce yaron ya fara fitsara.

Ba mu kaɗai wannan ya sama ba. Susan Philips ta zauna a azuzuwan yaran Indiyawan daji na Amurka a yankin Warm Springs, jihar Oregon, ta fitar da littafinta a 1983. Ta ga yaran ba sa yawan kallon malamar in tana magana, ba sa nuna suna saurare ta yadda farar mace ta saba gani, malamai kuwa sai su ɗauka hankalinsu ba ya wurin. Wata malamar kimiyya, Mary Budd Rowe, ta naɗi darussa masu yawa ta auna shirun da ke biyo bayan tambaya. A sakamakon da ta gabatar a 1972, malamai ba sa jira fiye da kamar daƙiƙa ɗaya kafin su sake tambayar ko su tsallaka zuwa wani ɗalibi. Da aka sa suka riƙa jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, masu shiru suka fara magana. A Amurka ke nan, inda ake yaba wa yaro mai saurin baki. Ina ga yaron da aka rena a kan cewa amsa wa babba caraf rashin ladabi ne, sai an ɗan yi jim, an sassauta murya? Kafin ya gama ladabinsa an wuce shi, a ƙarshen zango kuma a rubuta masa cewa ba ya ƙoƙari.

Ba cewa nake yi duk kan da ya sunkuya mai gaskiya ne ba. Maƙaryaci ma ya iya sunkuyawa, kuma malaman da suka daɗe a aji sun sani. Kunyar nan da muke taƙama da ita tana da tsada. Tana hana yarinya ta ce ba ta gane ba, ta zauna da rashin ganewar har jarrabawa. Tana hana yaro faɗin abin da wani babba ya yi masa. An sha fakewa da shirun budurwa a ce ta yarda, alhali kowa a gidan ya ga hawayenta. Ɗalibin da zai zauna gaban masu ɗaukar aiki, ko ya tsaya gaban alƙali, ko ya yi wa likita bayanin ciwon tsohuwarsa, yana bukatar ya iya ɗago kai ya yi magana ido da ido. Ina so a koya masa wannan. Amma a koya masa shi yadda ake koya masa Turanci ko Larabci: a ce ga wani harshe, ga inda ake amfani da shi, naka na gida ma yana nan da darajarsa. Ba a dukan yaro don bai zo aji ɗaya da Turanci a bakinsa ba. Don me za a yi masa tsawa don bai zo da idon boko ba?

Kuramen Kano suna da harshensu cikakke, maganar hannu, kuma Constanze Schmaling ta zauna da su ta yi littafi a kansa wanda ya fito a 2000. Isharar masu ji ma ta cancanci irin wannan hidima, yanzu da kowa ke da kyamara a aljihu kuma tsofaffin da suka iya kowane salo na harara da jinjina suna nan da ransu. Sassan Hausa na jami'o'inmu su ɗauki hotonta mai motsi, su rubuta wa ke yi wa wa, da bambancin Sakkwato da Damagaram da Zariya. Kwalejojin horar da malamai na Kano da Katsina da Zariya su ba ta ko da mako guda kafin a tura ɗalibai koyon aiki, a kuma tanadi 'yar takarda ga baƙon malami da mai yi wa ƙasa hidima kafin ya shiga aji. Kafin a kai ga wannan, Malam, akwai abin da ke hannunka tun gobe da safe. In ka yi tambaya yaro ya sunkuya, ka ƙirga uku a zuci kafin ka wuce shi. In kana so ya ɗago, ka gaya masa cewa a ajin nan kallonka ba raini ba ne, kai ne ka ba shi izini. In kuma ka ga aji ya fashe da dariya ba ka san dalili ba, kada ka ɗauki bulala, ka ajiye alli ka tambaye su abin da suka gani.